Na Je Jidda Neman Rabi

Gusau zuwa Kano

Ana kiran assalatu na bar Gusau, ranar wata Talata cikin Sha'aban. Umra ce ta fitar da ni, amma da saƙo a bakina. Rabi, 'yar Gwaggo Asabe, ta tafi umra bayan mutuwar aurenta, ba ta dawo ba, shekara shida ke nan. Sai dai aike: atamfa, turare, kuɗin kwanon da aka rufe gidan. Yanzu ciwo ya kwantar da Gwaggo. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce mata ta zo in gan ta."

Motar haya muka shiga, aka tsayar da mu a shingen Tsafe da na Malumfashi. Azahar ta yi mana a Kano, jirgi ya ɗaga bayan la'asar.

Ammariyya

Sai da na gama ibadata a Makka sannan na dawo Jidda. Na sauka a unguwar Ammariyya wajen Hajiya Ummi, wata Bakatsiniya mai sayar da tuwo ga masu aikin unguwar masana'antu. Ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara. Da na ambaci sunan Rabi, ta ajiye muciya.

"Rabin Gusau? Ai yanzu Rabab ake ce mata. Je ki da hantsi, da yamma ba ta da lokacinki." Ta kwatanta mini gidan, a unguwar Bagdadiyya.

Bagdadiyya

Mai tasin da na shiga haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Da na kwatanta gidan, ya dube ni ta madubi. "Halas, ya hajja, na san shi. Amma ke me za ki yi a can?" Riyal goma ya karɓa, ya sauke ni nesa da ƙofa.

Da ƙyar na gane ta. Rabi da muka tashi tare baƙa ce. Wannan kuwa fara tas, haƙoran zinare biyu, gashi har gadon baya. Ta rungume ni tana kuka, ta aika aka kawo shinkafa da kaza. Ba sai an faɗa mini ba: 'yan mata uku na zaune gaban madubi, wata babbar mace da suke kira Anti tana juya su kamar kayan sayarwa. Ta ce wa ɗaya, "Ƙara jan baki. Ba wa'azi za ki ba."

Na ja Rabi ɗaki na ce, "Abin da kike yi ke nan?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. "Yaya, da aka sako ni da zane biyu, wa ya leƙo ni? Wankau na yi har hannuna ya tsage. Yau ba mai yanke magana a gidanmu sai an bugo mini waya. Jikina ne, ni ke da iko da shi. Wanda na ga dama shi nake kulawa. Kun ci, kun sa, waye a cikinku ya taɓa tambayar daga ina?"

Atamfar da ke jikina ma ita ta aiko.

Na ce, "Gwaggo ba lafiya. Tunda ke ke da iko, ɗauko fasfonki mu tafi."

Ta ce, "Yana wajen Anti."

"Iƙama fa, takardar zama?"

"Ba ni da ita."

Ana haka aka buga ƙofa. Wani mutum ya leƙo ba sallama, ya ce, "Yalla!" ya nuna agogo. Rabi da ke ɗaga murya ta miƙe zumbur. Ta goge fuska za ta sake kwalliya, sai na ga kumatunta: man bilicin ya ƙona su, ja da baƙi kamar tabon wuta. Ta lura ina kallo.

"In na daina shafawa, Anti ta ce na tsufa. Ga yara can sun fi ni."

"Yaushe rabonki da Makka?"

"Tun zuwana." Tafiyar awa guda ce. Ta cusa mini warwaro biyu. "Ki ce wa Inna aiki ya riƙe ni."

Komawa gida

Ranar Lahadi jirgi ya sauke mu Kano, washegari da la'asar na shiga Gusau. Na faɗa wa Gwaggo abin da aka ce in faɗa. Ta juya fuska bango, ba ta taɓa warwaron ba.

Maƙwabta suka cika tsakar gida karɓar dabino da zamzam. Wata ta ja ni gefe, 'yarta budurwa na tsaye a bayanta.

"Hajiya, ki yi wa Rabi magana ta samar wa Zulai hanya. Kin ga tana da kyau, ɗan haske kawai ta rasa."

Na ce mata ban sami Rabi ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hajiya Ummi da ta sauke ni. Gwaggo ta rasu ana saura kwana kaɗan salla. Rabi ta aiko da kuɗin sadaka.