Ranar da Baba Ya Saurari Zuciyarsa

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Baure. Har ya haura shekara sittin bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma shi kaɗai yake ɗaga damin gero ya cilla a rumbu. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a wata firamare a cikin Daura. Shekarar da Allah Ya kira shi Makka, a gidana ya sauka, saboda an ce kowane maniyyaci sai an duba lafiyarsa.

Ni na raka shi asibitin da hantsi. Ma'aikaciyar jinyar da muka tarar dattijuwa ce mai tabarau. Ta naɗa masa wani ƙyalle mai kauri a damtse, ta yi ta matsa 'yar roba har ƙyallen ya kumbura, ta sa abin sauraro a kunnenta tana saurare. Ta bar shi ya huta, ta sake gwadawa a ɗaya hannun.

Ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai."

Ya yi dariya. "Haba 'yata! Ni ko ciwon kai ba na yi. Shekaranjiya da kaina na kai raguna kasuwar Mai'aduwa."

"Abin da ya sa muke tsoron hawan jini ke nan, Baba. Ba ya sallama idan zai shigo."

Ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce zuciya ce ke tura jini cikin jijiyoyi, kuma idan jijiyoyin suka yi tauri sai ta ƙara ƙarfi kafin jinin ya wuce. Haka za ta yi ta wahala shekara da shekaru mutum bai sani ba, har ta gaji, ko ƙoda ta lalace, ko ɓarin jiki ya shanye. Baba yana gyaɗa kai, amma na san irin wannan gyaɗa kan nasa. Ladabi ne kawai, bai yarda ba.

Ita ma ta gane. Sai ta cire abin sauraron ta goge, ta sa masa a kunne, ta ɗora bakin abin a ƙirjinsa.

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina haka ba. Idanunsa suka buɗe, ya daina motsi gaba ɗaya. Can ya ce a hankali, "Wannan a cikina yake?"

"A cikinka yake."

"Tun yaushe?"

"Tun kana cikin mahaifiyarka."

"Ko ina barci?"

"Ko kana barci, Baba. Ba ta taɓa hutawa ba."

Ya ce, "Subhanallahi." Ya sake cewa, "Subhanallahi." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. Mutumin da yake gane lafiyar bijimi daga yadda yake tuƙa, bai taɓa jin abin da ke aiki a ƙirjinsa ba sai ranar. Da ya cire, ya miƙo mini. Na saurara, na ji bugun mai nauyi, ɗaya na bin ɗaya.

Muka koma bayan kwana biyu aka sake aunawa, jinin yana nan sama. Likita ya rubuta ƙwaya guda kowace safiya, ya ce a rage gishiri da dunƙule da kanwa, a rage goro.

Inna, mahaifiyarmu, ce ta sha aikin. Ta koma ga daddawa da citta da tafarnuwa. Makon farko Baba ya ce miyar ta zama ta majinyata, ya riƙa ture kwano. Bayan wata guda kuma ya ce sai yanzu yake jin ɗanɗanon kukar kanta. Goro daga biyar a yini ya dawo ɓari ɗaya. Jinin ya sauka, ya je ya sauke farali ya dawo lafiya.

Da damina ta sauka, ya ji garau, sai ya ajiye maganin ba tare da ya gaya wa kowa ba. Wani maƙwabci ya ce masa zoɓo kaɗai ya wadatar. Wata ranar Talata yana cikin noma fartanya ta suɓuce daga hannunsa, harshensa ya yi nauyi. A babur aka kai shi asibitin Baure. Kafin in iso daga Daura maganarsa ta dawo. Likitan ya ce gargaɗi ne, kuma ba kowa ke samun irinsa ba. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, sauƙin ma shi ya kawo shi.

Baba ya dube ni ya ce, "Laifina ne. An ba ni amana na yi sakaci."

Daga nan bai ƙara tsallake rana ba. Na kai masa injin awo mai batir, ya koyi karanta lambobin duk da bai yi boko ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, dattawan ƙauyen kan taru a zaurensa suna naɗe hannun riga. Ba ya ba kowa magani. Wanda ya ga nasa ya hau sai ya ce, "Gobe ka tafi Baure." Har limaminsu ya tura.

Bara da kaka na je gaishe su, na tarar da shi yana sussukar wake. Muna gama gaisawa ya ce in zauna in huta, ya ɗauko injin ya naɗa mini. Ya daɗe yana kallon lambobin, ya sake aunawa.

Ya ce, "Ke ma Litinin ki je a duba ki."

Na je. Yanzu wata goma ke nan ina shan tawa ƙwayar, kuma na rage gishiri a tukunyata.