Cikin da aka ce ya kwanta

A ajinmu na biyu a kolej, nan Gure, mushe, wato malamin da ke koya mana ilimin halittu, ya rubuta a allo yadda ake gane abu mai rai: yana ci, yana numfashi, yana girma, yana motsi. Ya sa muka shuka wake a gwangwanin tumatir, ya ajiye dutse kusa da shi a taga. Bayan mako guda wake ya leƙo, dutse yana nan yadda yake. Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Littafin da na kwafi darasin yana cikin akwatina har yau, ba na iya buɗe shi.

Bara, da cikina na fari ya shiga wata bakwai, mijina ya kawo ni gidanmu daga Gidigir, goyon ciki. Yaron yana da wata ɗabi'a. In na sha ruwan randa mai sanyi da hantsi, sai ya shure ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wata Talata na sha, shiru. Na ƙara moɗa guda, shiru.

Na san abin da shirun nan ke iya nufi, an koya mini. Amma a wurinmu yarinya ba ta zancen cikin fari gaban uwarta. Inna ma ko kallon cikin ba ta yi, iyakarta "Ya jikin?" in ce "Da sauƙi." Da wane baki zan ce mata abin da ke cikina ya daina motsi? Na yi kwana biyu ina shiga ɗaki ina danna ciki da yatsa.

Ranar Alhamis na samu Gwaggo, yayar babana, tana bakace a tsakar gida, na raɗa mata. Sai ta fashe da dariya.

"Ke 'yar lakwal, 'yar boko, komai sai kin firgita! Kwanciya ya yi. Cikin yayanku wata nawa ya yi a kwance? Ga shi can Alakos da raƙumansa."

"Gwaggo, an koya mana cewa..."

"Wa ya koya muku? Mushen nan mai gemu? Sau nawa ya haihu?"

Matan gidan suka yi dariya, ni ma na yi. Wannan dariyar ce na kasa yafe wa kaina. Daɗi na ji, don ina son maganarta ta zama gaskiya. Ta dama mini kunun kanwa, na shanye.

Ranar Juma'a da safe Inna ta shigo ɗaukar tabarma, ta tarar da ni na kwaye riga, hannuwana biyu a kan ciki. Ta tsaya. Karon farko ke nan da ta dube shi sosai.

"Tun yaushe?"

"Talata."

Ta yafa mayafi, ta fita da kanta ta tsayar da kabu-kabu.

A gidan likita ungozoma ta shafa mini wani abu mai sanyi, ta ɗora na'ura tana zagayawa. Can na ji bugu, dum, dum, na zabura.

"Ga shi nan!"

Ta kama wuyan hannuna, ta saurara kaɗan.

"Wannan zuciyarki ce, ƙanwata."

Ai na sani. Ta jariri ta fi sauri, har wannan yana cikin littafin. Na tambaye ta, da na zo tun Talata fa? Ta ce Allah kaɗai ya sani. Ba ta ce a'a ba.

Washegari na haife shi, babu rai. Namiji, komai nasa ya cika, har farce. Kwana uku bayan haka nono ya kawo, ya jiƙa mini riga. Jikina bai ji labari ba.

Yanzu ina da wani cikin, wata huɗu. Wannan karon da bakina na gaya wa Inna, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya raba lafiya. Ungozoma ta ce da sauran lokaci kafin in ji motsi. Duk da haka kullum da hantsi sai na cika moɗa, in sha, in ɗora hannu a kan cikin. Hannun rawa yake yi, har ba na iya gane ko ni ce ko shi ne.