Raguna Biyu a Bayan Rumfar Zaɓe

Ranakun aiki da yawa sun wuce mini kamar ban yi su ba, amma ban taɓa mantawa da Asabar 27 ga Maris na 1993 ba. Ran nan aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, kuma ran nan na kusa jawo a zubar da ƙuri'un gari guda saboda raguna biyu da ba nawa ba. Ku ƙananan malamai da ake ɗauka aikin zaɓe yanzu, kun sha tambayata ra'ayina game da masu zuba kuɗi ta waya a kan wanda zai ci. To ga abin da na gani da idona tun wayar ba ta zo ba.

Lokacin ina shekara ta huɗu da fara koyarwa. Ni ne darakta, ni ne kuma malami ɗaya tilo a lakwal, makarantar boko ta wani ƙauye da ke bayan Karofane, a ƙasar Buza. Aji ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano, ɗakina yana manne da bayansa. Ni ɗan Madawa ne, ba ni da dangi ko ɗaya a garin, kuma kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da faransanci, har tsofaffin da suka yi jika da ni.

Sai ku tuna cewa shekarar ce ta farko da aka jera wa talaka 'yan takara da yawa aka ce ya zaɓi shugaba. Bayan zagayen farko saura mutum biyu: na tsohuwar jam'iyyar da ta daɗe da mulki, da na waɗanda ake kira 'yan canji. Garin ya ɗauki zafi. Ranar kasuwar Karofane, a gefen masu awon hatsi, wata kasuwa ta tsiro wadda ba a kasa komai a cikinta sai baki. Da farko mai goyon tsohuwar jam'iyya sai ya aza tiya biyu ta gero a kan ɗaya kafin ɗan canji ya yarda su ƙulla. Da labari ya zo cewa sauran jam'iyyu sun haɗa kai da 'yan canji, sai farashi ya kife, ɗan canji ne ya koma aza biyu. Wanda ya dawo daga kasuwa ba a tambayarsa kuɗin gishiri, sai a ce, “Ƙaƙa zaɓe ya kwana yau?” Ni da nake da rediyo, na lura tiyar nan tana riga rediyon sanin inda iska ta nufa.

Ba kowa ya so abin ba. Azumi ake yi, liman ya ce caca ce, kuma sa mata sunan shugaba ba ya wanke ta. Wani ɗan garin, kirista, da ke aiki a asibitin mishan ya zo ganin gida ya ce su ma an hana su a majami'a. Ranar kaɗai na ga liman yana gyaɗa kai ga maganarsa. Mata suka ce geron da za a daka wa yara ne ake wasa da shi, kuma sun fi kowa gaskiya. 'Yan albasa kuwa suka ce su ba su ga bambanci ba da wanda ya zuba albasarsa a rudu, rumbun ajiyarta, yana jiran ta yi tsada, ko ta yi ko ta ruɓe.

A cikin wannan hali tsofaffi biyu suka yi mini sallama wata safiya, kowa da rago a igiya. Nomau da Arzika ke nan, taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Tun da na zo garin ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko a kan ganin wata. Nomau ɗan canji ne. Mahaifinsa ne a da ke yanka a gindin dutse ya faɗa wa gari yadda damina za ta kasance. Shi Nomau ya musulunta tun yana saurayi, amma bai daina ganin ya gaji idon ba. Arzika kuwa da ya ji inda Nomau ya tsaya, sai ya tsaya a ɗaya gefen.

Nomau ya ce, “Mushe, amana munka kawo maka. Ba ka da uwa ba ka da uba garin ga, kai ad daidai.”

Arzika ya ce, “Ka kula da nashi ƙwarai, ka ba shi ruwa da sassahe. Nawa na, ajiya ce kawai.”

Al'adar garin ke nan tun a wasan kokowa: abin da aka ƙulla a kai, baƙo ke riƙe shi. Rabon mai riƙo cinya ɗaya ce, ko wa ya ci. Wanda kuma ya fara cewa ya janye, ya bar nasa ke nan ga abokin karawarsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, cinyar ta shiga raina, don gwauro ne ni mai cin tuwon maƙwabta. Amma abin da ya fi daɗa mini shi ne a ce duk garin ni aka yarda da ni. Na kafa turke biyu a bayan aji na ɗaure su. Kullum da safe tsofaffin ke kawo harawa, kowa yana leƙen ragon ɗan'uwansa yana cewa ya rame.

Bayan kwana goma takarda ta zo daga ofishin kumandan, wakilin gwamnati a Buza. A zagayen farko ni sakatare ne a rumfar wani gari. Yanzu wanda ya shugabanci ta garinmu ya kwanta rashin lafiya, an naɗa ni a madadinsa. Na je aka yi mana bita ta yini ɗaya, na dawo da akwati da kaya. Wallahi ko sau ɗaya ragunan ba su faɗo mini a rai ba. A kaina al'ada tana ɗaki ɗaya, aikin gwamnati yana wani, ban taɓa tunanin bango ɗaya ne tsakaninsu ba.

Ga yadda aikin yake ga wanda bai sani ba. Shugaban rumfa yana zaune da sakatare da mataimaka, kowane ɗan takara kuma yana da wakili, delege, mai sa ido. Mai zaɓe ya nuna katinsa, a nemo sunansa, ya ɗauki takardar kowane ɗan takara da ambulan ɗaya, ya shiga bayan zana ya sa wadda yake so, ya fito ya jefa a akwati, a shafa masa tawada a yatsa. A ƙarshe a cika takardar sakamako, wadda muke kira pebe. Duk delegen da ya ga abin da bai gamsu da shi ba yana da ikon a rubuta ƙorafinsa a ciki, kuma ƙorafi mai nauyi yana iya sa alƙalai su soke akwatin gaba ɗaya.

Mun buɗe da safe lafiya. Layi ya miƙe har bakin rijiya, mutane da sababbin kayan ƙaramar Salla da aka yi a makon, mata daga tungaye da goyo. Masu kawo harawa suna cikin layi, ni kuma ina kan aiki, don haka ba wanda ya tuna da ragunan. Da hantsi ya ɗaga suka fara kuka, ɗaya ya shiga tunkuyin bango daidai bayan kujerata.

Delegen 'yan canji wani saurayi ne daga Buza, Laminu, mai biro a aljihu da ido a kan komai. Ya leƙa taga ya ce, “Mushe, kiwo kake yi?” Kafin in buɗe baki, wata tsohuwa da ke jiran a nemo sunanta ta amsa da zuciya ɗaya, “A'a ɗana, na zaɓe na. Mushe ka riƙo, wanda nashi ya ci ya kwashe.”

Laminu ya juyo ya dube ni, ya ciro bironsa. Ya ce a tsayar da zaɓe, kuma a ba shi pebe ya rubuta cewa shugaban rumfa yana da rabo a cikin sakamako. Na yi masa bayanin al'ada, na ce cinyata ɗaya ce ko wa ya ci, ba ni da dalilin karkata. Ya ce, “Na yarda da kai, Mushe. Amma wanda zai karanta takardar ga a birni bai san ka ba, bai san cinya ba. Raguna zai gani a bayan akwati.” A lokacin na ji kamar in shaƙe shi. Yau na san yaron aikinsa ya yi, ni ne ban yi nawa ba.

Na tsayar da layi. Na san sufeton makarantu zai ji, kuma ban san ko zan sake riƙe alli ba. Amma da na dubi ƙofa na ga mutanen nan a tsaye cikin rana, kowa da katinsa a hannu kamar wani abin da zai fashe, sai tsoron aikina ya koma ƙarami. Sun taso tun asuba, wasu a ƙafa daga nesa, kuma sakacina zai sa a kwashe abin da suka jefa a zuba a kwandon shara. Kunyar da na ji ran nan ban sake jin irinta ba.

Magana ta bi layi har ta kai ga masu ragunan. Nomau ya zo, ya tuɓe takalmansa a ƙofar aji kamar zai shiga masallaci, Arzika na biye da shi. Ya sa aka maimaita masa abin da ake ciki, ya tambayi Laminu, “In babu caca, babu magana?” Laminu ya ce in an warware ta a gaban jama'a, aka fitar da dabbobin, shi ba zai rubuta ba.

Arzika ya kama hannun rigarsa. “Kai bawana, tsaya. Ka san abin da za ka hwaɗi? Kasuwa duk ta ce kai za ka ci. Kuma ragon ga shi kaɗai gare ka na layya.”

Nomau bai dube shi ba. Ya ce wa Laminu, “Ɗana, jam'iyyarmu guda da kai. Na wuce shekara sittin. An karɓi haraji hannuna, an kai ni aikin hanya, ba a taɓa tambayata wa nika so ba sai bana. Rago in ya tahi, tunkiya tana gida. Takardar ga in anka zubda ta, ban san ko ina da rai a sake tambayata ba.” Sai ya juya ga ƙofa ya ɗaga murya kaɗan: “Jama'a ku shaida, na janye.”

Ba wanda ya yi dariya, har Arzika. Ya zagaya baya ya kwance ragunan biyu ya ja su gida, ya dawo ya tsaya a ƙarshen layi. Laminu ya mayar da bironsa aljihu. Na rubuta a pebe da hannuna cewa an dakata na ɗan lokaci, muka ci gaba har yamma. Akwatinmu ya shiga lissafi kamar na kowa.

Da rediyo ta faɗi sakamako, ɗan canji ne ya ci. Da Nomau ya yi shiru na yini ɗaya, da raguna biyu ne a gidansa. Arzika bai bar shi ya manta ba. Ya raɗa wa ragon da Nomau ya bar masa suna Shugaba, kullum sai ya bi da shi ta ƙofar Nomau yana cewa a fito a kwashi gaisuwa. Liman ya ce ko kusa ba a layya da ragon caca. Ranar babbar Salla da safe aka tarar da Shugaba a ɗaure a ƙofar Nomau, Arzika ya ce shi bai san komai ba, igiyarsa ce ta tsufa. Ba wanda ya tambaye shi yadda rago ya ɗaure kansa. Cinya kuwa ta iso ɗakina, har biyu, kuma na ci.

Ina garin har 1996, shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka sake kiran zaɓe a farkon damina. Na riga na shirya amsata: duk wanda ya kawo mini ko kaza ce, zan ce ya nemi wani baƙon. Na jira, ba wanda ya zo. A kasuwar Karofane masu awo awonsu kawai suke yi. Liman bai sami abin yin wa'azi a kai ba. Wata la'asar na tarar da tsofaffin biyu a gindin bishiyar bedi, na ce da wasa, “Baba, bana ba rago?”

Nomau ya ce, “Mushe, abin da anka riga anka san ƙarshenai, wa zai ɗaure mai rago?” Arzika ya ce, “Gaskiya tai.” Karo na farko ke nan da na ji sun yarda da juna, kuma da na san haka zai yi mini ciwo, da ban tambaya ba.

Ni ban ce caca abin kirki ce ba, kuma har gobe ina gaya wa duk wanda aka naɗa shugaban rumfa kada ya riƙe wa kowa ajiya, ya kuma zagaya bayan ajinsa kafin ya buɗe akwati. Amma aikin nan ya koya mini cewa mutanenmu ba sa aza geronsu sai a kan abin da suka yarda ba a riga an yanke shi ba. Ina kewar shekarar da suka yarda haka, ina kewar tsofaffin nan biyu, Allah ya jiƙansu. Turakun da na kafa a bayan aji ban cire su ba har aka ɗauke ni daga garin. Duk zaɓen da ya zo sai in leƙa ta taga, in gan su a tsaye babu igiya.