Gumba Daga Hayin Teku

A shekararmu ta biyu a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, maigidana na karatu ni ina zaman gida, na yi wata maƙwabciya baƙa kamar ni, 'yar wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Karibiyan. Larabcinmu duk a karye yake, amma sai mu wuni muna surutu.

Garinsu kuwa har na haddace shi. Duwatsu kore shar a baya, teku a gaba, gidajen katako kowanne da launinsa. In masunta sun dawo sai a busa ƙaton ƙoƙon dodon koɗi, kuma duk wanda ya sa hannu aka ja raga yana da rabonsa na kifi. Nan aka sauke kakanninsu bayi don noman rake. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, wallahi garin ya shiga raina.

Abu ɗaya ke cin ta: ba ta san daga ina aka kwaso kakannin nan ba.

Da kakarta ta rasu, ba halin tafiya. Ta shigo mini ido jajur.

"'Yar'uwa, kina da turmi?"

Turmi a Alƙahira! Sai da na je har unguwar Faisal na aro wajen wata 'yar Nijar, ina tafe ina mita: ana makoki, wa ke ta daka?

Ta jiƙa shinkafa, ta tsane, ta daka rabi da sukari, ta cuccura, ta koma kan sauran. Ta ce haka ake yi a gidansu in an yi rashi, yara ake fara ba, kuma ba wanda ya san mafarin abin.

Na gutsura na kai baki.

"La'ilaha illallahu! Ai gumba ce! Ranar sadakar bakwai ta kakata, ni na raba wa yara ita a ƙofar gidanmu."

Ta saki taɓarya. "A garinku?"

Na ce mata ba zan rantse daga ƙasarmu aka kwashe su ba. Ta ce wannan ma ya ishe ta.

Na ɗauki taɓaryar. "Yalla, matsa, ba haka ake riƙe ta ba."

Na daka sauran ina kuka, kukan tsohuwar da ban taɓa gani ba.