Jemagen Da Ya Rasa Sashe

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Hajiya Asabe ta shigo ofishinmu na malaman dabbobi da mataccen jemage a leda ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i mai ɗibar samfuri. Mijinta ya rasu, kajin ƙwai ne ke riƙe da gidanta a Hayin Banki, kejinsu kuma yana gindin mangwaron da jemagu suka mamaye. Maƙwabta sun ji a rediyo wai jemage na iya ɗaukar ƙwayar murar tsuntsaye har da ta mutane, suka ce ko a gwada jemagun, ko kajin su bar unguwar.

Aikin ba wuya. Abin da ake buƙata kawai shi ne shugaban sashe ya ba da izini, in goga auduga a maƙogwaron dabba, in sa a ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji.

Na fara da shugaban sashen kaji. Ya leƙa ledar, ya ja da baya. "Kai Isiyaku, wannan haihuwa yake yi, yana shayarwa. Ka taɓa ganin tsuntsu da nono? Kai wa masu shanu da awaki."

Na can ko kallon ledar bai yi ba. "Duk abin da ke da fiffike ba nawa ba ne."

Masu namun daji kuwa tambaya ɗaya suka yi mini: "Hayin Banki daji ne?"

Da magana ta kai ga Darakta, sai ya kafa kwamitin tantance ko jemage tsuntsu ne ko dabba. Aka yi ta zama, ana shan lemo ana cin tsire. Shi kuwa wanda ake taron dominsa, aka ɗauke wuta, ya ruɓe a firij.

Hajiya ta dawo. Na soma yi mata bayanin inda kwamiti ya kwana, ta katse ni. "Ɗan nan, ni ban zo a raɗa wa jemage suna ba. Kajin ma na kai su Babbar Kasuwa, na karyar." Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani cuta ba ta tambayar sashe kafin ta shiga gida, mu ne muke tambaya. Har gobe ba wanda ya san ko jemagen nan yana ɗauke da wani abu. Abin da na sani, lafiyar kajin Hajiya ƙalau ranar da ta rabu da su.