Ranar da Tukunyar Kakata ta Raka Ni Jarrabawa

Ko na manta komai na shekarun da na yi ina koyon aikin tiyata, ba zan manta ranar da tukunyar wankan jegona ta hau mota ba.

Lokacin ina ƙaramar likita a Talata Mafara, ina shirin jarrabawar da za ta ba ni damar ci gaba da horo. Na taɓa faɗuwa, an kuma gaya mini ƙarara cewa in na sake rasa ta, gurbina wani za a ba. Sai ga haihuwa ta zo mini da wuri. Aka kai ni wankan gida Bakura, hannun kakata, tsohuwar da ko mahaifina ba ya musu da ita. Da na ce mata jarrabawa za ta riske ni kafin arba'in, kallona ta yi sama da ƙasa.

"Ɗanyen jiki za ki kai Sakkwato? Aradu ba da raina ba."

Na yi kuka har na gode Allah. Na kira shugabar ƙungiyarmu ta likitoci mata, babbar likitar tiyata da duk muke ce wa Mama, na gaya mata na haƙura. Ba ta ba ni baki ba. Cewa kawai ta yi, "Gaya wa Inna muna nan tafe barka."

Ita da likitocin ƙungiya suka zo da atamfa da sabulu, suka baje a tabarma, aka yi ta gaisuwa kamar ba za a gama ba. Ni kuwa na ƙagu Mama ta buɗe wa tsohuwa karatun asibiti. Ina! Kunun kanwa ta karɓa ta sha, tana tambayar wane ganye ake sa mini a ruwa. Kakata ta saki jiki, baki har kunne. Can sai Mama ta gyara zama.

"Inna, ba raba ki da jikarki ya kawo mu ba. Ke muka zo roƙo ki biyo mu."

Ashe ƙungiya ta samo mana ɗaki kusa da wurin jarrabawa, mai tsakar gida da za a iya hura wuta. Kakata ta dubi Mama.

"Da tukunyata?"

"Da tukunyarki, Inna, da ganyenki."

"To itace fa? Na birni ba shi da kirki."

"A ɗauko na Bakura."

Haka aka ɗaure baƙar tukunyar nan a bayan motar babbar likita, ga damin itace, ga reshen darbejiya yana leƙowa ta taga. A hanya har sai da Mama ta lallaɓa ta ta rage zafin ruwa da yawan kanwa, abin da ni da takardun likitancina na kasa.

Ranar jarrabawa kakata ta yi mini wanka, na shiga gaban manyan malamai ina warin hayaƙi. Ita ta zauna gindin bishiya da jaririya, likitocin ƙungiya suna karɓarta suna jijjigawa, da an ba da hutu su miƙo mini ita in shayar. Na ci, wallahi na ci! Har kakata ta koma ga Allah, in zancen ya taso cewa take yi, "Ai mu munka ci ta."

Gaskiyarta kuwa. Yanzu ni ke zuwa barka gidajen ƙananan likitoci, har Maradun na je. Abin da na koya wurin Mama shi ne, in za ka taimaki mace a aikin nan, kada ka ce ta zaɓa tsakanin gidansu da burinta. Ka ɗauke ta da tsohuwarta, da tukunyar duka.