Shingen Baba Shaame

A gaɓar garinmu, nan tsibirin Pemba, Baba Shaame ne na ƙarshe da ke kama kifi da shinge. Bai taɓa shiga kwalekwale ba. Ko kallonsa ya cika yi sai jiri ya ɗebe shi, masunta kuwa ba su gaji da tsokanarsa ba. Shingen gadon mahaifinsa ne: turaku a jere cikin yashi, teku ta cika ta rufe su, in ta janye ta bar masa kifi a lungu, ya kwasa kamar mai tsintar mangwaro. Kullum kuma sai ya bi turakun yana danna waɗanda ruwa ya girgiza.

Sai ruwan teku ya fara ɗumi. Duwatsun murjani da kifi ke fakewa a cikinsu suka yi fari fat, kifi ya koma can zurfi. Matarsa, Bi Mwatima, takan leƙa kwandonsa, ta ga 'yan mitsi-mitsin kifi, ta ce, "Malam, waɗannan a dafa su ko a kai su makaranta?"

Kwamitin masunta ya hana kowa taka wannan gefen gaɓa har iskar kudu ta wuce, ko kifi zai farfaɗo. Faki, ɗan ƙanwar Baba Shaame, shi ne shugaba, shi ya kawo saƙon.

"Kawu, har da kai."

"Ba kifi zan taɓa ba, ɗan nan. Turakuna zan riƙa dubawa."

"In na bar ka, gobe kowa yana da turaku."

Tsoho bai yi gardama ba. Ya je ya buɗe wa shingen ƙofa, yadda ake yi in za a daɗe ba a zo ba, kada kifi ya maƙale ya mutu a banza.

Iskar bana ta zo da ƙarfin da ba mu saba gani ba. Ranar da aka buɗe gaɓa, kifi ya ɗan dawo, shinge kuwa teku ta kwashe shi. Kafa sabo aikin gayya ne, majiya ƙarfi duk sun bi manyan jirage zurfi. Faki ya ce zai ba kawunsa gurbi a jirginsa. Baba Shaame ya yi murmushi ya ce amai bai dace da furfura ba.

Ya ɗaure 'yan turakun da ya samu ya kai gida. Bi Mwatima ta daɗe tana kallonsu.

"A sa a murhu?"

"Sa mana."

Icen ya sha gishiri, ya ƙi kamawa. Tsoho ya durƙusa kusa da ita, suna hurawa.